Bakin Malam

Akwai wata tambaya da nakan jefa wa tsofaffin 'yan makaranta idan hira ta yi daɗi: me ka fi tunawa daga zamanka na firamare? Da wuya ka ji an ambaci darasi. Magana ake tunawa. Wani zai ce malamin aji huɗu ne ya ɗaga littafinsa ya ce, "Ku dubi yadda yaron nan yake jera rubutu." Wani kuma ga furfura a gemu, ga jikoki a tsakar gida, amma bai manta ranar da aka ce masa daƙiƙi a gaban aji ba, har launin rigar malamin zai faɗa maka. Wataƙila shi malamin kafin a tashi ya mance ya faɗa. Yaron ne ya tafi da ita gida, ya kwana da ita, ya girma da ita.

Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, malamai suna tura wa juna jerin kalaman ƙarfafa gwiwa a WhatsApp, wasu har suna rubuta su a saman allo kowace safiya. Niyyar mai kyau ce, kuma na fi son ta sau dubu a kan dorina. Sai dai yawancin kalaman nan daga Turanci aka juyo su, an kuma yanka su da faɗi don su shiga kowa: kai tauraro ne, babu abin da zai gagare ka, gobe taka ce. Yaron da ya ci 2 cikin 20 jiya yana kallon allon, ya san ba da shi ake ba. Wanda ya ci 19 kuwa bai ƙaru da komai ba. To wace irin magana ce take tayar da ɗalibi da gaske, kuma me ya sa wata takan faɗi ƙasa banza ko da an faɗe ta da zuciya ɗaya?

Mu fara da abin da ke cikin gidanmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji yadda Sahihul Bukhari ya samo asali. Imam Bukhari yana majalisin malaminsa Ishaƙ bin Rahawaihi, sai malamin ya nuna sha'awar a ce wani cikinsu ya tattara ingantattun hadisai kaɗai a taƙaitaccen littafi. Maganar ta faɗa a zuciyar Bukhari, ya shafe shekara 16 yana wannan aiki. Labari na biyu ya fi kama ni saboda ƙanƙantarsa. Imam Zahabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 748 bayan hijira, yana saurayi malaminsa kuma abokinsa Birzali ya ga rubutun hannunsa, ya ce masa rubutun ya yi kama da na malaman hadisi. Zahabi da kansa ya ce wannan mutum ne ya sanya masa son ilimin hadisi, ilimin da ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayensa.

Birzali bai yi wa saurayin nan kirari ba. Abu ya gani da idonsa a takarda ya faɗa, kuma a cikin faɗar ya nuna masa wasu mutane da zai iya zama ɗayansu. Ibn Rahawaihi kuwa aiki ya ajiye a gaban ɗalibai, babban aiki, wanda ajiye shi kaɗai shaida ce cewa yana ganin akwai mai iyawa a cikinsu. A ganina duk maganar da ta taɓa tayar da ɗalibi tana ɗauke da waɗannan biyun: malam ya ga wani abu na gaskiya a wurin wannan yaro, sannan ya nuna masa inda zai sa ƙafa gaba. In babu na farko, maganar daɗin baki ce. In babu na biyu, yaro zai ji daɗi ya zauna inda yake.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun zo sun auna abin. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, wadda ita ce shugabar wata firamare a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka wallafa wani gwaji. Sun gaya wa malamai cewa wasu yara, kamar 1 cikin 5, suna dab da buɗewar basira, alhali da ƙuri'a aka zaɓo sunayen. A ƙarshen shekara yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da biyu. An yi ta muhawara a kan girman tasirin, amma duk wanda ya riƙe alli ya san abin da ke ƙarƙashi: zaton da malam yake yi wa yaro yana fitowa a fuskarsa, a wanda yake nunawa idan ya yi tambaya, a yawan jiran da yake yi kafin ya ce "zauna". Yara sun fi manya iya karanta fuska.

Binciken da ya fi shafar bakin malam kai tsaye shi ne na Claudia Mueller da Carol Dweck a 1998. Sun ba 'yan aji biyar tambayoyi masu sauƙi, suka gaya musu sun ci da kyau. Wasu aka ce musu lallai suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka ce lallai sun dage. Da aka ba su zaɓi, waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu suka fi karkata ga aiki mai sauƙi, don kada sunan da aka ba su ya zube. Da aka kawo tambayoyi masu wuya kowa ya sha kashi, su ne suka fi saurin sarewa, kuma da aka dawo da masu sauƙi sai suka yi ƙasa da yadda suka fara, alhali waɗanda aka yabi dagewarsu sun ƙaru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na rukunin farko sun ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗa wa wasu yara abin da suka ci. Yabo ne ya koya musu ƙarya. Wanda ya taɓa ganin ɗalibin da kullum yake zuwa na ɗaya yana kuka saboda ya zo na uku, ko ya kama shi da takarda a aljihu ranar jarrabawa, ya ga wannan da idonsa. An ɗora masa suna, yana ta gadinsa.

Amma kada a fahimci cewa "ka yi ƙoƙari" ita ce maganin komai. Dweck kanta daga baya ta yi gargaɗi a kan yabon ƙoƙarin da ba ya kai wa ko'ina. Yaron da ya kwana yana haddar abin da bai gane ba, ya faɗi, aka ce masa ya ƙara ƙoƙari, an tura shi ne ya ƙara buga kai a bango ɗaya. Abin da yake bukata shi ne a ce masa, "Na ga ka haddace dokar, amma a wurin aro daga goma kake kuskure. Zo mu yi guda uku tare."

Ni kaina a aji na koyi wannan, kuma a makare. Na koyar da 'yan aji biyar a wata firamaren gwamnati shekaru da suka wuce. Akwai wata yarinya da kullum sai an gama taron safe take isowa, hijabinta yana ƙamshin man ƙosai, ta raɓa ta zauna a ƙasa can baya don benci ya ƙare. A wurina ita mai latti ce. Zango guda ban nemi sanin komai bayan wannan ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Wata rana ina rubuta tambaya a allo: mutum 3 sun sayi abu na naira 35 kowanne, aka ba da naira 200, nawa ne canji? Ban ajiye alli ba na ji ƙaramar murya daga baya ta ce, "Casa'in da biyar." Na juya na ce wa ya faɗa. Ta sunkuyar da kai, tana zaton laifi ta yi. Na ce, "Ke, yaya kika yi?" Ta ce, "Malam, talatin uku casa'in, biyar uku sha biyar, ɗari da biyar ke nan. A cika ta ɗari biyu, saura casa'in da biyar." Na ce, "Abin da kika yi yanzu shi ne lissafin da muke ta fama da shi tun Litinin. Kin iya shi a ka. Abin da ya rage miki shi ne sa shi a takarda, kuma wannan ya fi sauƙi. Taso ki karɓi allin nan." Hannunta yana rawa ta karɓa. Daga ranar ta fara zuwa da littafi, kuma takan tsaya bayan an tashi ta miƙo mini shi ba tare da ta ce komai ba.

Me ya sa yabo yake yi mana nauyi a baki? Bahaushe yana cewa yabon gwani ya zama dole, amma shi ne kuma yake cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Muna tsoron kada kan yaro ya kumbura. Muna tsoron baki, shi ya sa ko jariri aka yaba sai an haɗa da tubarkalla. Ga kuma kunya, wadda takan hana uba ya ko kira sunan ɗansa na fari, balle ya yabe shi a idonsa. Ba na raina ko ɗaya cikin waɗannan, akwai hikima a ciki. Sai dai abin da ya faru a makarantunmu shi ne mun riƙe rowar yabo, muka saki bakin kushe. Malamin da zai ji nauyin ce wa yaro "madalla" ba ya jin nauyin ce masa jaki, ko ya sa aji su yi masa ihu. In kunya ce take riƙe bakinmu, ya kamata ta riƙe shi ta ɓangarorin biyu.

Kuma al'adar tamu tana da hanyarta ta ƙarfafa gwiwa da ba ta kumbura kai. A makarantar allo, duk da dorinar da ba zan ɓoye ta ba, akwai kalmar da kowane almajiri yake jira: "Je ka wanke." Malam ba ya faɗarta sai ya saurari karatun wannan yaro shi kaɗai, ya tabbata ya zauna. Ba a faɗarta don a faranta rai, shi ya sa take da daraja, kuma a cikinta akwai aikin gaba, don allon da aka wanke sabon rubutu yake jira. Daga nan ga zayyana ranar sauka, ga matakai da yaro yake hangowa tun yana kolo: titibiri, gardi, alaramma, har gwani. Nana Asma'u ma, da take tura malamai mata da ake kira jaji su koyar da mata a ƙauyuka ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru, malfa take ba kowace jaji, alamar cewa an yarda da ita ta ɗauki karatu ta kai wa wasu. Ba wa ɗalibi amana magana ce mai ƙarfi: ka ce wa wanda ya gane ya zauna da mutum biyu ya nuna musu. Sannan ga addu'a. "Allah ya yi maka albarka" daga bakin malam, idan an faɗe ta a kan wani aiki da yaro ya san ya yi, tana shiga inda tafin aji gaba ɗaya ba ya kai wa.

Inda muka fi yin asara shi ne a takarda. A 1988 Ruth Butler ta gwada 'yan aji biyar da shida a Isra'ila: wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da bayanin malam kawai, wasu da duka biyun. Waɗanda suka samu bayani kaɗai ne suka ƙaru. Waɗanda aka haɗa musu maki da bayani ba su fi masu maki zalla ba, don ido yana faɗawa kan lamba, ya leƙa ta maƙwabci, ba ya komawa kan rubutun. Mu kuwa a nan lambar ce komai. Ƙarshen zango a miƙa wa yaro takardar sakamako, na 62 cikin 85, a ƙasa kuma kalma biyu na Turanci da malam ya rubuta wa rabin ajin iri ɗaya, waɗanda sau da yawa babu mai karanta su a gidan. Me zai hana a rubuta da Hausa, ko da ajami inda shi iyaye suka fi ganewa, cewa yaron nan bara ba ya haɗa baƙi, bana yana karanta layi guda? Wanda ya tashi daga na 62 zuwa na 48 ya yi tafiyar da ta fi ta wanda ya zauna a na ɗaya, amma ranar raba kyaututtuka ba a kiran sunansa.

Gyara ma ana iya yin sa ya zama ƙarfafa gwiwa, kuma a nan ne nake ganin malamai masu tausayi suke kuskure, suna sassauta jan biro don kada yaro ya ji ciwo. A 2014 David Yeager da Geoffrey Cohen da abokan aikinsu suka wallafa wani gwaji da 'yan aji bakwai a Amurka, daidai da ajin farko na ƙaramar sakandare a wurinmu. Malamai sun duba insha'in yara, sun cika shi da gyara kamar kullum. A kan wasu takardun aka liƙa ɗan rubutu da ke cewa malam ya yi gyaran ne domin yana sa ran babban abu daga ɗalibin, kuma ya san zai iya kai wa. Yaran ba su da yawa a gwajin, amma a cikin baƙar fata, waɗanda amincewarsu da makaranta ta fi rauni, masu sake rubuta aikin sun tashi daga ƙasa da 1 cikin 5 zuwa kimanin 7 cikin 10. Gyaran bai ragu ba, fassarar da yaro ya yi masa ce ta sauya. A bakin malamin Hausa ga yadda za ta fito: "Na cika maka takarda da ja ne don na san ka fi haka. Je ka gyara, ka dawo mini da ita ranar Laraba." Ranar Larabar nan tana da muhimmanci, kuma dole malam ya tuna ya tambaya.

Na san abin da malami zai ce, don na faɗe shi da bakina. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, ni kuwa ina da 100, albashi bai shigo ba, ta ina zan ga kowane yaro? Ƙorafin gaskiya ne, kuma babu kalmar da za ta maye gurbin benci da littafi da albashi a kan lokaci. Malamin da ba a taɓa ce masa sannu ba, da wuya ya samu sannun da zai ba wani. Duk da haka lissafin ba ya gagara. Yara 5 a rana, 25 ke nan a mako, a mako 4 an zagaye 100. A zango guda kowane yaro zai ji malam ya kira sunansa kusan sau 3, ya faɗi wani abu da ya gani a aikinsa. Akwai yaran da suke gama firamare ba su samu sau ɗaya ba. A fara da na baya, masu zama a ƙasa, don na gaba suna samu ko ba a shirya ba.

Wurin faɗar yabo ma yana da hukunci. Ƙaramin yaro yana son a tafa masa. Budurwa 'yar sakandare kuwa yabo a gaban aji kan iya jawo mata kunya da tsegumin ƙawaye har ta daina ɗaga hannu. Layi biyu a gefen littafinta sun fi mata amfani, kuma malami namiji ya tsaya a kan aikin, kada ya wuce nan. Kwatanta yaro da ɗan'uwansa, "yayanka da yana nan ba haka yake ba", ba ya haifar da komai sai ƙiyayya a ɗaki ɗaya. Ga wanda ya faɗi jarrabawa, Hausa ta ba mu kalma ƙarama mai amfani: tukuna. "Ba ka iya ba" ta rufe ƙofa. "Ba ka iya ba tukuna, ga inda za mu fara" ta bar ta a buɗe. Lokacin WAEC da NECO da JAMB kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Jawabin zaburarwa a daren jarrabawa ba ya ƙara komai ga wanda ba a kula da shi ba shekara uku. Amma akwai wanda yake matuƙar bukatar magana a wannan lokaci, shi ne ɗalibin da ya ƙi satar amsa alhali yana ganin na kusa da shi suna yi. A kira shi gefe a ce masa an gani, kuma makin da ya samu da guminsa nasa ne.

Akwai kuma alkawarin da ya kamata mu daina yi. Muna ce wa yara su yi karatu za su zama likitoci da gwamnoni, su kuwa suna komawa gida su tarar da yayansu mai digiri yana jan a-daidaita-sahu. Yaro ba wawa ba ne. Idan ya kama malam da ƙarya a wannan, sauran maganganunsa ma sun rage nauyi. Gaskiyar ta isa. Wanda ya iya karatu zai karanta takardar maganin mahaifiyarsa, zai duba saƙon banki da kansa ba sai ya miƙa wa wani waya ba, zai san abin da aka rubuta kafin ya sa hannu a takardar gona, kuma ƙofofin da ke buɗe masa sun fi na wanda bai iya ba. Wannan alkawari ne da malam zai iya tsayawa a kai.

Maganar da na ga ta fi kowace tafiya nesa ita ce wadda ba a faɗa wa yaron ba, aka faɗa wa na gida. Mun saba malam ba ya neman uba sai an yi laifi. Ka tare shi bayan Magariba a ƙofar masallaci ka ce, "Alhaji, yaron nan naka ya fara karanta shafi guda ba tsayawa, Allah ya yi masa albarka." Ba zai ce komai ba sai "To madalla, Malam, mun gode." Amma da dare zai faɗa wa uwargida a inda yaron yake ji.

Ita yarinyar mai ƙosai, tunda ba zan shiga gidansu ba, wata malama abokiyar aikina na roƙa ta je. Ta tarar da uwar a gaban kasko, ta gaya mata cewa a ajin nan kaf babu mai saurin lissafin 'yarta. Uwar ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Malama, ashe tana ganewa?" Tallar ba ta tsaya ba, don da ita gidan suke ci. Amma daga makon nan aka riƙa sallamarta da wuri, rana uku cikin biyar ina ganinta a layi kafin a kaɗa ƙararrawa.